Balas, Batir da Ƙwallon Roba



Duk ranar Litinin, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, hanyar da ta ratsa Shuwarin takan cika ta batse. Motocin a-kori-kura suna shigowa daga Kiyawa da Jahun, 'yan acaɓa sun ɗauro buhu bibbiyu daga ƙauyukan Dutse, masu a-daidaita-sahu suna sauke mata da kayan miya, manyan motoci kuma sun jeru a gefen titin Kano zuwa Maiduguri suna jiran a cika su da gero da dawa da riɗi da zoɓo. Kowane lodi da baki ake cinikinsa. Ɗan kamasho ya san direban da ba ya ha'inci, direba ya san falken da ba ya jan ƙafa wajen biya, amma babu wanda zai buɗe littafi ya nuna mota nawa ce ta kawo kaya ta koma wayam. Ranar Alhamis haka abin yake a Maigatari, ranar Lahadi a Gujungu.

Wannan hada-hada ita matasa masu ilimin kwamfuta suke hange idan suna zancen shigo da fasaha cikin harkar sufuri. Dutse ba ta rasa irinsu ba. Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2011 tana yaye su, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha tana yaye su, ga kuma waɗanda suka fito daga cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, wadda aka assasa tun zamanin gwamna Saminu Turaki. Tunanin da ya fi saurin zuwa wa matashi shi ne ya haɗa manhaja irin ta Uber ko Bolt, fasinja ya latsa waya, abin hawa ya zo ƙofar gida. Niyya ce mai kyau. Sai dai waɗanda suka riga shiga wannan fage, da jarin da ya ninninka duk abin da matashin Dutse zai iya tarawa, sun bar darasi mai tsada. Irin wannan darasin kuma ya sake ɓullowa a wani wuri mai nisa da tasha, a wani wasan Amurkawa da ake kira fikilbol, wanda attajirai suka mayar sana'a cikin 'yan shekaru.

A fara da gida. A 2019 babu abin da masu zuba jari daga waje suke rububi a Legas kamar acaɓar zamani. Kamfanin MAX, wanda Adetayo Bamiduro da Chinedu Azodoh suka kafa a 2015, yana kan titi. Gokada na Fahim Saleh yana kan titi. Sai OPay ya shigo da ORide, da kuɗin 'yan kasuwar Sin a bayansa. A wannan shekara kaɗai ya tara dala miliyan 170 a zagaye biyu. Da wannan kuɗi ya riƙa karya farashi, ana ɗaukar fasinja a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kamfani kuma ya cike wa direba giɓin. Har Kano ya iso, da tsarin kiran a-daidaita-sahu ta waya mai suna OTrike. Ranar 1 ga Fabrairu, 2020, gwamnatin Legas ta hana acaɓa da keke bin manyan tituna da unguwannin kasuwanci. Bayan 'yan makonni annobar korona ta rufe gari. Gokada ya sallami direbobi da dama ya koma kai saƙo, OPay kuma ya dakatar da ORide a tsakiyar shekarar.

Kanawa ma sun taɓa ganin ƙarfin alƙalamin gwamnati. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur. Dubban magidanta suka wayi gari babu sana'a, kuma keken da aka shigo da shi zamanin Malam Ibrahim Shekarau domin ɗaukar mata ya gaje birnin gaba ɗaya. Duk wanda zai gina kamfani a kan babur a Dutse wajibi ne ya sa wannan a lissafinsa. Ya kuma san cewa tasha tana da masu ita: ƙungiyar direbobi ta NURTW, ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na masu keke, da shugabanninsu da rasiɗinsu na kullum. Wanda ya shiga ba tare da ya yi musu sallama ba, ba zai daɗe ba.

Amma OPay bai mutu ba, kuma abin da ya raya shi ya cancanci a tsaya a kansa. Bayan ya ajiye babura, sai ya riƙe asusun kuɗi na cikin waya. Da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a a farkon 2023, mai shayi da mai tireda da ɗan acaɓa duk suka koyi karɓar taransfa, ta OPay ko Moniepoint ko makamantansu. Babu wanda aka ba rangwame kafin ya koya. Buƙata ce ta koya masa. Kiran babur ta waya kuwa, a garin da mutum zai tsaya a bakin titi ya ɗaga hannu babura uku su taka birki, wace matsala ya warware? Ma'aikaciyar da take zuwa sakatariya daga Takur tana da lambar mai keken da ta amince da shi, kuma ta san gidansu. Ko a manyan birane, kamfanin inDrive, wanda ya samo asali a garin Yakutsk na ƙasar Rasha, ya sami karɓuwa ne saboda ya bar fasinja da direba su yi tayi su daidaita, kamar yadda suka saba tun babu waya.

Matsalar gaskiya tana aljihun direba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a jawabinsa na kama aiki. Litar fetur da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki a wurare da yawa, ta kai 617 a Yuli, ta tsallake 1,000 a Oktoban 2024. A wannan watan ne tankar mai ta kife a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru ɗibar abin da ya tsiyaye, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Duk mai zancen sufuri a Jigawa, da wannan bala'i a zuciyarsa yake zancen.

Ɗan acaɓa ko mai keke yana fita da bashi biyu a kansa kowace safiya. Na farko na gidan mai. Na biyu balas, domin sau da yawa abin hawan ba nasa ba ne. Wani mai hali ne ya saya ya ba shi, ko dai haya, ko kuma bisa yarjejeniyar ya riƙa kawo wani adadi kullum ko mako-mako har ya gama biya abin ya zama nasa. Tsari ne da ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Sai dai rauninsa a fili yake: lissafin yana cikin wani ɗan littafin makaranta a aljihun mai babur, ko ma a ka. Direba ya yi rashin lafiya ya fasa kawowa na makonni, a karɓe babur, abin da ya zuba na watanni ya bi ruwa. Wani kuma ya biya tsaf har ƙarshe, bai yi fashin kwana ɗaya ba, amma idan ya je banki neman rancen sayen na biyu, ba shi da takarda ko ɗaya da za ta shaida amanarsa. Shi ma mai kuɗin yana cikin fargaba, domin bai san ko direban da ya zo masa ya taɓa gudu da babur ɗin wani a Ringim ko Birnin Kudu ba.

A kan wannan giɓi aka gina ɗaya daga cikin kamfanonin sufuri mafi girma da suka fito daga Najeriya. Moove, na Ladi Delano da Jide Odunsi, ya fara aiki a Legas a 2020. Ba ya neman fasinja. Motoci yake saya ya ba direbobin Uber, ya riƙa cire kuɗinsa daga abin da suka samu, yana auna amanar kowa da alƙaluman aikinsa. Balas ne, aka rubuta shi a kwamfuta. A Maris na 2024 Uber da kansa ya jagoranci zuba masa dala miliyan 100. Labarin yana da ɗaya gefen: direbobinsa a Legas sun sha fitowa suna kokawa da nauyin abin da ake cira, kuma kamfanin da ya ci bashi da dala yana karɓar naira, duk ranar da naira ta faɗi sai nauyin ya nemi wuyan da zai sauka. Matashin Dutse da zai kwaikwayi wannan tsari yana da damar da na Legas ba su nema ba. Jama'ar nan suna gudun riba mai ruwa, kuma fiƙihu ya daɗe da tanadar hanyoyi irin su murabaha da ijara, waɗanda bankin Jaiz yake aiki da su tun 2012. Ƙaramin kamfani da zai riƙe wa masu babura da direbobinsu lissafi a waya, kowane biya ya bar shaida ga ɓangarorin biyu, a rubuta tun farko abin da za a yi idan ciwo ko haɗari ya gitta, wannan kamfani ba ya buƙatar dala ko ɗaya kafin ya fara. Yana buƙatar yardar shugaban 'yan acaɓa na unguwa guda da alhazai uku masu babura.

Bashin gidan mai kuwa, akwai 'yan arewa da suka tunkare shi gaba da gaba. A Maiduguri, Mustapha Gajibo, wanda ya bar jami'a bai kammala ba, ya kafa Phoenix Renewables, ya fara da cire injin fetur daga ƙananan bas-bas da kekuna yana sa musu batir, daga baya ya ƙera bas mai kujeru 12 tun daga tushe, ana yi mata caji da hasken rana. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, lokacin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa ya buɗe tashar cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A ɓangaren babura, Spiro, wanda ya fara a Jamhuriyar Benin da Togo kafin ya shigo Najeriya, da Ampersand na Ruwanda, sun ɗauki wata dabara mai ma'ana: direba ba ya sayen batir, wanda shi ne mafi tsada a jikin babur, kuma ba ya zaman jiran caji. Batir ya yi sanyi, ya tsaya a rumfa, ya miƙa shi, a ba shi cikakke, ya biya kuɗin wutar ya wuce.

Dutse ta dace da wannan fiye da yadda ake zato. Gari ne na ma'aikata da ɗalibai, tafiye-tafiyensa gajeru ne kuma sanannu: daga Garu zuwa kasuwa, daga Gida Dubu zuwa sakatariya, daga jami'a zuwa asibitin Rasheed Shekoni. Rumfunan musayar batir kaɗan za su iya rufe garin. Rana kuwa, Allah Ya hore mana ita, kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Amma kada a ɓoye wahalar. Wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce ga mai cajin batura da yawa, don haka sai an sayi farantan sola, kuma da dala ake shigo da su. Zafin Afrilu yana rage wa batir kwana, ƙurar hunturu tana rufe faranti. Bakaniken da ya ƙware a Bajaj da Jincheng bai taɓa buɗe cikin babur mai lantarki ba, kuma kayan gyaran ba su cika shaguna ba tukuna. Ɗan acaɓar da babur ɗinsa ya kwana uku a gareji ana jiran wani ƙarfe daga Legas ba zai sake sauraron kowa ba, shi da duk 'yan majalisarsu. Wanda ya fara horar da kanikawa kafin ya sauke babur na farko, shi ya fahimci sana'ar.

Sai dakon kaya, inda kuɗin Jigawa na gaske yake. Kobo360, na Obi Ozor da Ife Oyedele, ya zo da alƙawarin haɗa masu kaya da masu manyan motoci ta manhaja, domin motar da ta kai kaya kada ta dawo fanko. A 2019 ya tara dala miliyan 30, bankin Goldman Sachs a gaba. Bayan 'yan shekaru sai ya shiga ƙunci, kuma babban dalilin ba na kwamfuta ba ne. Direba yana son kuɗin mai a hannu kafin ya tayar da mota, manyan kamfanonin da ake yi wa dako kuwa sai bayan makonni ko watanni suke biya. Mai tsayawa a tsakiya shi ke cike wannan rata daga aljihunsa. Ɗan kamashon tasha ya san wannan tun fil azal, shi ya sa ba ya haɗa lodi sai da wanda ya sani. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, da reshe da aka tsara zai zo Dutse. Ranar da jirgi ya fara tsayawa, buhun riɗi ba zai kai kansa tasha daga Gwaram ko Buji ba. Wanda ya riga ya san masu a-kori-kura ɗaya bayan ɗaya, da lambobinsu da halayensu a rubuce, shi za a nema.

Yanzu a tsallaka teku.

A 1965, a tsibirin Bainbridge kusa da birnin Siyatil na Amurka, wasu magidanta uku, Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, suka rasa abin da zai ɗebe wa 'ya'yansu kewa. Akwai filin badmintin a gidan, amma kayan wasan ba su cika ba. Sai suka ɗauko allunan buga ƙwallon tebur da wata ƙwallon roba mai huji-huji, suka sassauto da raga ƙasa. Haka fikilbol ya samu. Filinsa ƙafa 44 ne a tsawo, 20 a faɗi, har ana iya yanka guda huɗu a filin tanis ɗaya. Daga ƙasa ake sako ƙwallo, ana tashi a maki 11, kuma akwai wani yanki na ƙafa 7 a kowane gefen raga da aka hana tsayawa a cikinsa a doke ƙwallo tun tana sama. Wannan doka ita ce ta rage wa mai ƙarfi fifiko, har kaka take iya karawa da jikanta a yi wasa mai daɗi.

Abin da ya kamata mai neman sana'a ya riƙe shi ne tsawon lokacin da wasan ya ɗauka babu kuɗi a cikinsa. An yi gasa ta farko da aka sani a 1976, an kafa ƙungiyarsa ta ƙasa a 1984, sannan ya shafe shekaru yana yaɗuwa sannu a hankali a unguwannin 'yan fansho na jihohin Arizona da Fulorida. Zaman korona ne ya fito da shi fili, lokacin da mutane suke neman motsa jiki a waje ba tare da cunkoso ba. Ƙungiyar masu sana'ar kayan wasanni ta Amurka ta ƙiyasta masu buga shi da miliyan 4.8 a 2021, miliyan 8.9 a 2022, miliyan 13.6 a 2023, kusan miliyan 20 a 2024. Sai da jama'a suka cika filaye, sannan 'yan kasuwa suka biyo. Connor Pardoe ya kafa gasar PPA Tour, attajiri Tom Dundon ya saye ta. Steve Kuhn ya kafa Major League Pickleball a 2021 a jihar Tekzas, ya tsara ta ƙungiya-ƙungiya, maza da mata a tawaga ɗaya. A 2022 LeBron James da Kevin Durant na ƙwallon kwando, da Tom Brady, da tauraruwar tanis Kim Clijsters, duk suka sayi hannun jari a ƙungiyoyi. Wasan ya fitar da zakarunsa, irin su Ben Johns da Anna Leigh Waters, wadda ta shiga sahun ƙwararru tana da shekara 12.

Daga nan gaggawa ta shigo. A Agustan 2023 gasannin biyu suka shiga rige-rigen sayen 'yan wasa, kowacce tana rubuta albashin da kuɗin ƙofa da na talabijin ba su kai su biya ba. Kafin shekara ta ƙare Kuhn ya sauka, aka kuma nemi 'yan wasan Major League Pickleball su yarda a zabge kashi 40 cikin 100 na albashinsu. A 2024 gasannin suka haɗe ƙarƙashin inuwa ɗaya da sabon jari na dala miliyan 75. Miliyoyin masu buga wasa ba su zama miliyoyin masu biyan kuɗin kallo dare ɗaya ba. Waɗanda suka ci riba ba hayaniya su ne masu ƙera alluna da ƙwallaye, da masu gina filaye suna bayar da haya awa-awa. Shi kansa Kuhn, ɗaya daga cikin abubuwan da ya bari masu amfani shi ne DUPR, manhajar da take rubuta sakamakon kowace karawa ta ba ɗan wasa lambar ƙwarewa, domin baƙo ya sauka a kowane gari ya sami tsaransa.

Shin wasan zai iya kama ƙasa a Dutse? Ya riga ya iso yankinmu, domin an nuna shi a gasar wasannin Afirka da aka yi a Akara a Maris na 2024. Kuma garin nan ya taɓa karɓar baƙon wasa: marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a Janairun 2023, shi ya kafa filin ƙwallon lambu na masarauta da ake zuwa daga jihohi daban-daban. Wancan yana cin fili mai faɗi da kulawa mai tsada. Fikilbol daɓen siminti yake so, da raga, da fenti. Makarantar kwana ta 'yan mata za ta iya yin fili a cikin katangarta, ɗalibai su yi wasa cikin sutura ba tare da gogayyar jiki ba. Ma'aikacin da likita ya ce masa ya motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon sukari zai iya bugawa bayan la'asar. Kafinta ma zai iya yanka allon farko da falanki, kamar yadda aka fara a can. Wannan ƙaramar sana'a ce mai tsabta ga wanda zai gina fili biyu ya saka haya. Zancen gasar ƙwararru kuwa, bai taso ba sai filayen sun cika.

Wasan da ya riga ya cika fili a ƙasar Hausa shi ne dambe, sai kokawa, sai langa a tsakanin yara da samari. Dambe yana da duk abin da attajiran Amurka suka kashe miliyoyi suna nema. Yana da ɓangarori masu magoya baya na gado, Kudu da Arewa da Guramaɗa. Yana da tarihi da zakaru tun daga Shago, yana da makaɗa da kirari, yana da 'yan kallon da suka saba biyan kuɗin ƙofa. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da tsari yake yi wa wasan gargajiya: tun 1975 suke gasar kokawa ta neman takobi, tana zagaya jihohi, ƙasa gaba ɗaya tana bin ta a rediyo da talabijin. A Najeriya, 'yan kasuwa ne suka hango damar. Chidi Anyina da Anthony Okeleke sun buɗe Dambe Warriors a 2017, suna ɗaukar karawa suna ɗorawa a YouTube, mutane daga ƙasashen da ba su taɓa jin sunan wasan ba suka riƙa kallo. Maxwell Kalu, wanda ya taso a Ingila, ya kafa African Warriors Fighting Championship, ya shigo da tsarin lokaci da alƙalai da masu ɗaukar nauyi. Sun cancanci yabo, domin sun ga daraja a abin da da yawa daga 'yan bokonmu suke ɗauke kai daga gare shi.

Aikin da ya rage yana da yawa, kuma na kusa da fage ne zai iya shi. Ɗan damben da ya yi kisa goma a kakar bana, daga Haɗeja zuwa Gumel zuwa Kano, ba shi da inda aka rubuta su. Idan mai shirya gasa ya zo taya shi, da labarin baki za a yi ciniki. Bidiyonsa yana yawo a TikTok da Facebook, wasu suna samun kuɗi da shi, shi bai sani ba. Ana haɗa ƙaramin jiki da babba saboda babu sikeli a gidan dambe. Ana bugun kai, mutum ya suma, a yayyafa masa ruwa, gobe ya sake ɗaure hannu, babu ma'aikacin lafiya da ya duba shi. Wannan na ƙarshe ya fi komai tayar da hankali, domin yaran nan 'ya'yan wasu ne, kuma raunin ƙwaƙwalwa ba ya nuna kansa sai bayan shekaru. Matasa biyu ko uku daga Dutse, ɗaya ya iya kwamfuta, ɗaya ya iya kyamara, ɗaya ya san sarkin dambe da mutanensa, za su iya buɗe rajistar 'yan wasan Jigawa: suna, ɓangare, nauyi, wanda aka kara da shi, yadda aka tashi, da ranar da aka ji rauni. Su rubuta 'yar yarjejeniya da Hausa wadda ta faɗi kason ɗan wasa daga kowane bidiyo, a karanta masa a gaban shaidu kafin ya sa hannu. Su ware wani abu daga kuɗin ƙofa domin ma'aikacin jinya ya zauna a bakin fage. Lokacin farawa shi ne kaka, idan amfanin gona ya shigo gida, kuɗi ya zagaya hannu, kalangu ya fara kiran samari a garuruwan Kiyawa da Jahun da Miga.

Mu kwana nan.